Yajin Gidan Ba Madu

"Wa kika ba?"

Tambayar da Ba Madu ya tari 'yarsa Saude da ita ke nan, wata Laraba da hantsi, tun ba ta ajiye taɓarya ba. Ya miƙa mata wani guntun nama a naɗe cikin takarda, ya ce ta ɗanɗana.

Ta gutsira. Yajinsu ne. Ga kimba, ga masoro, ga ɗan ɗacin busasshen lemun tsami da ke zuwa daga baya.

Shekara ashirin ke nan tukubar Ba Madu tana bakin hanya a unguwar Hausari. Masu tsire sun cika Yerwa, kowa da mutanensa, amma shi abin da ya fitar da sunansa daban ne: hanjin rago da ake wankewa tas, a cusa masa dakakken nama da kitse da yaji, a ƙulle, a gasa a gefen wuta har ya yi ja. Mutanen unguwa cushe suke ce masa. Da an yi la'asar, direbobi da malaman ofis da fataken shanu sun yi layi. Haɗin yajin kuwa, tun da uwar Saude ta bar gidan tana da shekara biyar, Ba Madu bai taɓa nuna wa kowa ba sai ita.

Cosmas, mai shagon fitilu da ke daura da tukubar, shi ya kawo guntun. Ya je tashar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe bara, ɗaukar kaya, ya tarar da wani dattijo yana gasa cushe, ya saya, ya zaci Ba Madu ne ya buɗe sabon wuri. Da murnarsa ya zo yi masa barka.

Saude ta rantse ba ta faɗa wa kowa ba. Uban ya dube ta, ya ce mutum ɗaya ne yake zama a zauren nan yana hira da ita tana tankaɗe, kuma kowa ya san shi. Ya ce maganar aurenta da Babakura a jingine ta tukuna.

Babakura direban babbar mota ne, yana bin hanyar Gamboru. Wata biyu suka rage a ɗaura musu aure. Da ya zo da yamma, ta shimfiɗa masa tabarma kamar kullum, amma yana zama ta ji ƙanshin a jikin rigarsa. Hancinta bai taɓa yi mata ƙarya a kan yajin nan ba.

"Ka ci cushe yau ne?"

"A'a... ban biyo ta wajen Baba ba."

"Na san ba ka biyo ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta gaya masa abin da ya faru. Ya ce wallahi bai taɓa sa ido a turminta ba. Ta ce to daga ina ƙanshin? Ya ce, "Saudena, na yi wa wani rantsuwa. Ki ba ni kwana kaɗan."

Ta naɗe tabarmarta tun bai gama sa takalmi ba.

Kwana huɗu tana juya abin a ranta. Ta tuna ranar da ya tambaye ta ko lemun tsami a rana ake shanya shi ko a inuwa, ta ba shi amsa tana dariya. Ta tuna yadda yake yabon hannunta. Duk wata magana mai daɗi da ya taɓa faɗa mata sai ta dawo mata da wata fuska. Ashe shekara guda turmi yake zuwa zance?

Ranar Litinin ta ce wa Baba za ta kasuwa sayen kimba, ta zarce tasha. Ta sami dattijon yana fifita wuta, ta gaishe shi, ta saya, ta yaba, sannan ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce shi gashi kawai yake yi, wata mata ce a unguwar Fezzan take haɗawa, wani direba yake kawo masa a kwano kullum da safe. Har gidan ya kwatanta mata, mai bishiyar kurna a ƙofa.

Mata! Saude ba ta san lokacin da ta yanki hanyar Fezzan ba, tana tafe tana shirya maganar da za ta faɗa wa yarinyar da aka kai wa yajin ubanta.

Ta yi sallama. A tsakar gida ba yarinya ta gani ba. Wata mata ce ramammiya, da furfura a gaban goshi, zaune gaban ƙwarya tana ƙulle hanji. Tana naɗe zaren sau biyu a yatsa ta ja da haƙori, daidai yadda Saude take yi ba tare da wani ya koya mata ba. Matar ta ɗago. Hanjin ya suɓuce mata cikin ƙwarya.

"Saude," in ji ta, a hankali. "Ke ce?"

Ya Zainaba ce, uwarta. Saude ta durƙusa a inda take, kuka ya ƙwace mata. Uwar ta rarrafo, ta rasa inda za ta taɓa ta da hannuwa duk kitse, sai ta haɗa goshinta da nata.

Da suka natsu ta ba ta labari. Bayan rabuwarta da Ba Madu ta yi aure a Fort-Lamy, can ƙetaren iyaka, mijin ya rasu bana, ba ɗa ba jika. A motar Babakura ta dawo daga Gamboru. Tana tambayarsa ko ya san 'yar wani mai cushe a Hausari, ya gane ko wace ce. Shi ya samo mata ɗakin nan, shi yake kai mata kwano tasha don ta ci da kanta. Ita ta sa shi rantsuwa, don tana tsoron idan Ba Madu ya ji hannun yaron a cikin lamarinta zai fasa auren. Yajin kuwa daga gidan uwarta ta zo da shi ranar da aka kai ta ɗakin Ba Madu. A kansa ma suka rabu, don an gaya masa tana ba yayanta haɗin a ɓoye, bai tsaya tambaya ba.

Saude ta koma gida kafin la'asar, ta tarar da Baba yana jera itace. Ta tsaya a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta faɗa masa komai. Ta ce in zai kore ta ya kore ta, amma gobe ma za ta koma Fezzan.

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Tun gutsirin farko na san hannunta ne. Naki bai kai nan ba tukuna."

"To Baba, me ya sa ka ce ni ce?"

"Tuhumarki ta fi min sauƙi da in kira sunanta."

Ranar ba a hura wuta a tukubar ba. Direbobi suka zo suka juya, Cosmas ya leƙo sau biyu yana tambaya ko lafiya. Ba Madu ya aika aka kira Babakura. Da ya zo ya durƙusa, Baba ya ce masa ya tashi, wanda ya riƙe rantsuwar tsohuwa har ya kusa rasa matar da zai aura, zai riƙe masa 'ya. Babakura ya saci kallon Saude, ita kuwa kunya ta hana ta ɗaga ido, sai hawaye.

Sannan Ba Madu ya shiga ɗaki ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce su wuce gaba su nuna masa hanya.

A gindin kurnar ya tsaya, ya ƙi shiga. Saude ta shiga ta faɗa. Ya Zainaba ta fito zaure ta tsaya a bayan asabari, ba ta ɗaga shi ba. Suka daɗe a haka, har Saude ta fara tsoron zai juya.

Sai ya yi gyaran murya.

"Zainaba, kin iso lafiya?"

"Lafiya, Madu."

"Bikin yarinyar nan saura wata biyu," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ni ban san kan lalle ba, ban san kan kayan ɗaki ba. Ki zo ki aurar da 'yarki."