Dokar Da Ya Rubuta Da Hannunsa

"Da bakinka ka faɗa musu?!"

Yaya ba ta ko tsaya cire safar hannu ba. A bakin ɗakin ajiyar jini ta tare shi, farar rigar aiki a jikinta, idanun nan sun kaɗa sun yi ja. Mai Doka ya gyara riƙon jakarsa, ya dube ta da sanyin nan nasa mai ƙara tunzura mutum.

"Da bakina, Haskena."

"Kar ka ƙara ce min Haskena! Yanzu likitan Auta ya kira ni, wai an dakatar da sunanta. An dakatar! Me na roƙe ka? Cewa na yi ka yi shiru kawai... shiru! Shi ma ya gagare ka?"

"Ki bari in yi miki bayani..."

"Ba a ɗaura mana aure ba tukuna. A takarda ba ka haɗa komai da Auta ba. Wa ya tambaye ka?"

"Doka ce ta tambaye ni."

"Dokar da kai ka rubuta!"

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Kowa Yaya yake ce mata, har Umma da ta haife ta, saboda tun tana ƙarama ita ce mai tsawatarwa a gidan. Ƙanwarta Auta da sikila aka haife ta. Yaya ta tashi tana dafa ruwan zafi, tana danna ƙafafu, tana zaman jinya a gefen gado, har ta rantse aikin jinin ma za ta karanta ta ga ƙarshen abin. Ta kuwa karanta. Mace ce da ba ta shiga gardama ta fito da kunya, kuma ta san da haka, abin da ya ƙara lalata lamarin ke nan.

Ana nan sai ga sabon magani ya zo asibitinsu a matsayin gwaji. Za a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai sikila, a kai su ɗakin gwaje-gwaje a gyara ƙwayar halittar da ke cikinsu, sannan a dawo masa da abinsa. In an dace, jikin zai riƙa yin lafiyayyen jini da kansa. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba a magana. Auta ta tsallake duk binciken likitoci, saura amincewar kwamitin da hukuma ta kafa don sa ido.

A kwamitin nan akwai kujerar lauya guda ɗaya, kuma wanda ke kanta shi ne mutumin da Yaya za ta aura. Auta ce ta laƙaba masa Mai Doka, don mutum ne da ko titi babu kowa sai ya jira fitila ta ba shi hannu. Shi ya rubuta ƙa'idar da ta ce duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da mai neman gurbi dole ya bayyana. Kuma ba a haɗa su biyun: ko mara lafiyar ya fita daga gwajin, ko shi ya bar kujerar, in ya bari kuwa ya bari ke nan.

Makonni ta yi tana lallaɓa shi ya ja bakinsa har a gama. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Ita kuma da yake ta saba a bi maganarta, sai ta ɗauki shirun a matsayin amincewa.

"Ki saurare ni," ya ce yana rage murya, don masu wucewa sun fara waiwaye. "Ke kin fi ni sani, kafin a mayar mata da ƙwayoyin sai an ba ta magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargonta. Ki ɗauka ana tsakiyar haka wani ya tona cewa mijin yayarta ne ya sa hannu. Hukuma za ta iya tsayar da gwajin gaba ɗaya. Ba Auta kaɗai ba, har sauran yaran."

"Wa zai tona?"

"Katin bikinmu mana. Rabin asibitin nan kin gayyata."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau kuwa fizge safar hannun ta yi, ta murɗe zoben da ya sa mata, ta cusa masa a aljihun kwat.

"To ka huta, na sauƙaƙa maka. Babu aure, babu alaƙa. Ka riƙe kujerarka, a mayar min da sunan ƙanwata!"

"Ki tsaya ki ji mana, da yamma za mu koma zama, ni kuma na riga na..."

Ta rufe ƙofa.

Can tsakanin firij-firij ɗin jini ta jingina da bango ta yi kukanta mai isarta. Tana son mutumin nan, so mai tsanani, irin wanda ba ta taɓa zaton zai sami wuri a ranta ba. Amma da ta share hawaye ta wanke fuska, ko ɗar ba ta ji ba. A ganinta daidai ta yi, kamar kullum.

Da la'asar aka ɓarke da ruwan sama. Da ta koma gida ta tarar da Auta inda ta san za ta same ta, a bakin taga, safa biyu a ƙafa, bargo a kafaɗa, ta manna hanci a gilashi tana kallon 'ya'yan maƙwabta suna tsalle a cikin ruwa. Budurwa ce yanzu, amma tunda take ba ta taɓa shiga ruwan sama ba. Sanyi kaɗan ke tayar mata da ciwon.

"Matsa daga nan, iska na shigowa," in ji Yaya.

"Sannu da zuwa, Gwamnati." Auta ta juyo tana murmushi, sai idonta ya sauka a kan hannun yayarta. "Ina zoben?"

"Na mayar."

"Kin mayar da me?!"

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu. Yaya ta zayyana musu komai a tsaye, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Wallahi ba da ni ba!" Auta ta wurgar da bargon. "Ni za ki sa a gaba ki kashe aurenki? Kullum in na gan ki zaune in tuna ni ce sila? Gara in ci gaba da ciwona, na saba da abina!"

"Rufe min baki! Kin saba? Ni ce ban saba ba! Ban saba jin kina kiran Umma kina cewa ƙashinki zai fashe ba, kuma ba zan taɓa sabawa ba!"

Auta ta fashe da kuka. Umma ta ɗauki bargon ta mayar mata a kafaɗa, sannan ta dubi babbar 'yarta.

"Shi yaron me ya ce?"

"Me zai ce? Doka, doka, doka."

"A'a, da kika mayar masa da zoben, me ya ce?"

"Ya fara wata magana... ban tsaya ba."

"Uhm." Umma ta girgiza kai. "Ke dai Yaya, tunda kuke da yaron nan kin taɓa barinsa ya kai ƙarshen zance?"

Wayar Yaya ta yi ta ruri a jaka, ba ta ɗauka ba.

Washegari da safe ta ci ado kamar mai zuwa karɓar lambar yabo, ta hau bene zuwa ofishin shugabar kwamitin. Farfesa dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, masaniyar ƙwayoyin halitta, wadda ko manyan likitoci ke gyara tsayuwa in ta gifta. Yaya ta gaishe ta da ladabi, ta tafi kai tsaye.

"Ranki ya daɗe, ni ce yayar yarinyar da aka dakatar. Na zo in shaida miki na fasa auren. Yanzu babu abin da ya haɗa lauyanku da ita."

Farfesa ta sauke gilashin ta ƙare mata kallo.

"Au, ke ce? Zauna, 'yata. Ai na so in ga wadda ta yi mana wannan ɓarna."

"Ɓarna kuma?"

"Jiya da yamma mun koma zama. Wani daga cikinmu, don ba ma son rasa shi, ya tambaye shi, in aka fasa auren fa, ai shi ke nan ko? Sai ya zaro wani zobe daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce an ma riga an fasa."

Yaya ta ja kujera ta zauna. Farfesa ta ci gaba.

"Muka ce to madalla, magana ta ƙare. Ya ce ba ta ƙare ba. Ya ce ƙa'idar ba don takardar aure ya rubuta ta ba, don zuciyar mai sa hannu ya rubuta. Ya ce, 'Ko ta aure ni ko ba ta aure ni ba, ina son matar nan, kuma ba zan daina ba. Duk ranar da aka kawo sunan ƙanwarta gabana, ba zan iya yi wa sauran yaran adalci ba. Don haka ni ne zan fita, ba yarinyar ba.' Da ma tun safe ya faɗa min niyyarsa, ni na ce ya je ya sake tunani."

"Ya... ya bar kujerar?"

"Shekaru ya yi yana fafutukar a kafa kwamitin nan. Ya tashi ya bar mana shi, ko waiwaye bai yi ba. Har mai rubuta bayanan zama ta tambaya ko ta rubuta maganar son, ya ce ta rubuta, ai ita ce hujjar." Farfesa ta mayar da gilashinta. "Sunan ƙanwarki ya koma cikin 'yan'uwansa. Wani lauya zai duba, wanda bai san ku ba. Ban yi miki alkawari ba, amma babu mai iya ɗaga mata yatsa gobe."

Yaya ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. A wurin ajiye motoci ta hango shi yana saka kwalin littattafai a but ɗin motarsa. Ta tsaya a bayansa, karo na farko a rayuwarta ta rasa ta inda za ta fara.

"Mai Doka..."

Ya juyo. "Na'am, Haskena."

"Jiya ka fara wata magana. Ka ƙarasa, ina ji."

"Ikon Allah! Yau ni za a bari in ƙarasa?"

"Kar ka sa in fasa!" Hawaye suka zubo mata, tana dariya tana kuka. "Me ya sa ba ka faɗa min tun farko ba? Makonni kana shiru!"

"Ina auna abin ne. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye miki ba, barinsa ya yi min ciwo. Kuma na san in na faɗa miki za ki ce ba ki yarda ba, ki ɗauki asarar ki ɗora wa kanki. Halinki ne."

"Ka yafe min. Na zaci kujerar ka zaɓa."

"Kujera ai katako ce. Lauya kuma ba ya rasa abin yi." Ya sa hannu a aljihu. "Ga wani kaya da aka ba ni ajiya. An ma nuna shi a gaban kwamiti, yanzu ya zama shaida."

Ta miƙa masa hannun da kanta, ba ta jira ya roƙa ba.

Sabon lauyan ya duba, kwamiti ya amince. Abin bai zo da sauƙi ba. Maganin share ɓargon ya kwantar da Auta, gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ta yi makonni a ɗakin da ba a shiga sai da takunkumin fuska. Ta cikin gilashi ta ba su umarnin kada a kuskura a ɗaga bikin, aka kuwa ɗaura, ta kalla a waya tana kushe ɗaurin ɗankwalin amarya. Yaya da ke aikin jini ita ta fi kowa sanin abin da sakamakon ke nufi, duk gwajin da ya fito sai ta karanta shi kamar mai neman kuskure, ba ta samu.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, Auta ba ta kwanta ciwo ba. Likitanta ya ce ta yi rayuwarta kamar kowa.

Wata ranar hutu suna gidan Umma, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaya na zuba wa mijinta shayi ta ji ƙarar ƙofa. Ta ɗaga kai, ba kowa a bakin taga, sai safa biyu a yashe a ƙasa.

Auta na tsakar gida, ta buɗe hannuwa, ta ɗaga fuska sama, ɗan gajeren gashinta ya jiƙe sharkaf.

"Auta! Kin haukace ne?!" Yaya ta zari bargo ta yi waje da gudu.

A bakin ƙofa Mai Doka ya riƙo hannunta.

"Bar ta, Haskena."

"Sanyi zai..."

"Bar ta."

"Yaya!" Auta ta ƙwala mata kira tana tsalle, tana ƙyalƙyala dariya. "Ashe haka yake da daɗi! Babu abin da ke min ciwo, wallahi babu!"

Umma ta toshe baki da mayafi tana hamdala. Yaya ta tsaya da bargon a hannu, hawaye na bin kumatunta, tana kallon ƙanwarta. Can ta ninke shi a hankali ta ajiye a kan kujera, ta cire takalmi, ta ja hannun mijinta suka shiga ruwan.