Tana Sama Mama Ta Cika

Tambaya ɗaya ce ta kai ta ofishin sayar da tikitin jirgi: awa nawa ake yi zuwa birnin da ta samu aikin jinya? Saurayin da ke bayan kanta ya duba kwamfuta ya ce awa goma sha shida, har da jiran canjin jirgi, don nisan ya haura kilomita dubu goma. Garin kallonta sau biyu yana kuskuren rubuta sunanta. Ta yi dariya ta sa masa Mai Tikiti, shi kuma yake ce mata Nas.

Wata biyu suka rage mata, a cikinsu suka shaƙu. Mama kuwa ko sunansa ba ta son ji. Cewa take shi ya yanki takardar da za ta raba ta da 'yarta tilo.

Nas ta tafi. Safiyarsa yammacinta, sai dai saƙo.

"Yau tikiti tara na sayar, babu na dawowarki."

"Haƙuri, Mai Tikitina. Shekara biyu kamar gobe ne."

A shekara ta biyun Mama ta kwanta ciwo, ta hana a gaya wa 'yarta don kada ta bar aiki. Mai Tikiti ne ke kai ta asibiti a motarsa, tana zaune a baya ta kau da fuska. Wata huɗu ya yi yana ɓoye wa Nas. Ranar da likita ya ce a kira na nesa, ya kira ta, ya samo mata kujera a jirgin farko.

Tana sama Mama ta cika.

Shi ya je tarbarta. Da ta ga idanunsa ba ta tambayi komai ba, ta zauna a kan akwatinta a tsakiyar mutane. Can ta ce, "Da ka gaya mini ko da kwana ɗaya ne, da na same ta."

Wata uku ba ta ɗaga wayarsa ba, shi ma kunya ta hana shi zuwa gidan.

Baba ne ya zaunar da ita a ɗakin Mama. Ya ce yaron nan kullum sai ya roƙi uwarta ta bari a faɗa mata, ita ce ta rantsar da shi. A satin ƙarshe kuma ba ta karɓar magani sai daga hannunsa, har ta ce idan ta tafi kada a hana shi auren 'yarta.

Nas ta sha kuka, sannan ta rubuta masa: "Ka zo. Ina son ka ba ni labarin kwanakinta, ɗaya bayan ɗaya."

Ya zo, suka wuni a falo yana faɗa tana share hawaye.

Bayan wata biyar aka ɗaura musu aure. Baba ya haɗa hannayensu, ya ce albarkar da zai sa musu ta mutum biyu ce, tasa da ta uwarta. Allah Ya ba su zaman lafiya.