Randar da Aka Ƙwanƙwasa ta Waya

Ku matso, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku.

A wani ƙauye an yi wata maginiya da randunanta suka yi kwantai, ga damina ta matso. Sai ta koyi ɗaukar hotonsu a waya tana turawa. Wata Hajiya a birni ta gani, ta kira ta.

"Inna, ni fa ba na sayen randa sai na ƙwanƙwasa na ji."

"To, saurara," in ji maginiya.

Ta kara wayar, ta ƙwanƙwasa ta farko, ta amsa garau. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ta amsa garau. Ta ukun kuwa, wadda Hajiya ta fi so saboda zanenta, tana da tsaga.

Maƙwabciyarta ta raɗa mata, "Sake buga ta farkon mana, ai ba ta ganinki."

Maginiya ta ƙwanƙwasa ta ukun, ta amsa a dishe.

"Kin ji ta, Hajiya, mura take yi. Ta hatsi ce, ba ta ruwa ba."

Hajiya ta yi dariya, ta saye duka ukun, ta ba ƙawayenta lambar.

Babanku ya ce waya ce ta yi cinikin nan, ni na ce tsagar ce. Ku raba mana gardama.