Cikin Mashkura a Kasuwar Gudu

Mashkura na tsaye gaban mai tumatir a kasuwar Gudu ta ji an ce, "Masha..."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka. Badaruddeen, tsohon mijinta. Duk ya rame, kaftani na lilo a jikinsa. Ba fuskarta yake kallo ba, cikinta yake kallo, wanda ya turo hijabi gaba.

Wallahi ta so mutumin nan kamar ranta. Da shekaru suka ja shiru babu haihuwa, ita ta lallaɓa shi suka je asibiti. Likita ya ce ita lafiyarta ƙalau. Shi ne wani ɗan yanki ya gutsure daga ƙwayar halittarsa ta maza, wadda suke kira Y. Haka aka haife shi, jikinsa ba ya yin ƙwayoyin haihuwa, kuma babu maganin da zai mayar da abin da ya gutsure. A mota ya kifa kai a cinyarta yana kuka, ya roƙe ta kada kowa ya ji. Ta rantse masa.

Shi ke nan ta zama ita ce juya a bakin dangi. Uwarsa, Hajiya Kubra, ta dinga aiko da jiƙe-jiƙe daga garin Kwali, ita kuwa tana runtse ido tana shanyewa, shi yana zaune yana kallo. Ranar da Hajiya ta ce ya zaɓa, ko ita ko juyar nan, Mashkura ta zuba masa ido tana jira ya buɗe baki.

Ya buɗe kuwa. Saki ya furta.

Bayan idda ta auri Nazeer, wani malamin makaranta a Kuje, ba don so ba, don dai ta huta da gori.

"Hajiya na layin masu kifi," in ji Badaruddeen, yana waige-waige. "Don Allah ki bi ta ɗaya ƙofar. In ta gan ki haka..."

Ashe abin da ya tsayar da shi ke nan. Ita kuwa sakaryar zuciyarta har ta fara bugawa, ta zaci gafara zai nema.

"Ban faɗa wa kowa ba, Badar. Ko mijina bai sani ba."

"Na sani, rabin raina, amma..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Na rantse zan kama bakina, na kama. Ban rantse zan ɓoye ɗana ba."

Ta ɗauki ledarta ta nufi layin masu kifi. Da ƙyar ta iya rusunawa ta gai da Hajiya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon cikin nan, sannan ta juya a hankali ta dubi ɗanta, wanda ya biyo bayan Mashkura.

Mashkura ba ta tsaya ba. Sai a motar Kuje kuka ya ƙwace mata, kuma abin haushin, har yanzu shi take yi wa kukan.