Majigin Da Ya Rasa Makaɗi

"Ba zan kaɗa ba, Nuriyya!"

Cak ta tsaya a tashar jirgin ruwa ta St. George, tana kallon Ismaël.

"Masoyi... gobe fa za a nuna fim ɗin!"

Karatunta na digiri na biyu kacokan a kan wani daraktan Ingila ya ƙare, wanda ya yi finafinai tun zamanin da majigi ba ya magana. Salonsa ne ya tafi da ita: ya kafe kyamara a fuskar mace, hasken taga kaɗai, ya bar ido ya yi aikin baki. Yawancin finafinansa sun salwanta, ɗaya ta tono aka gyara. Ismaël, ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi a filin jirgin sama na JFK, shi zai raka hoton da gurminsa. Wajen gwaji zukatansu suka haɗu.

"Mu'awiya ya kunna mini muryarki," ya ce, idonsa jajir. "Wai direban nan kayan bincike ne kawai."

Mu'awiya abokin karatunta ne, wanda Abbanta ya fi so ta aura tunda ya rantse ba ya haɗa zuri'a da makaɗi.

"Maganar yayana Zailani nake maimaitawa, ina kuka! Farkon ya yanke, wallahi..."

"Muryarki ce dai."

Ya shige jirgi, ko waiwaye.

Washegari haka aka nuna fim ɗin, tsit. Matar cikin majigin tana leƙen taga, Nuriyya tana leƙen ƙofa. Aka tashi da tafi, malaminta har da cewa shirun ya fi dacewa da daraktan. Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Sai da sanyi ya wuce ƙawarta Mariatu ta samo cikakkiyar muryar, ta tura wa Ismaël.

A unguwar Stapleton ya tare ta, bakin shagon kayan miya.

"Nuri na... na yi kuskure. Ki yafe mini!"

"Na yafe."

"To mu je wajen Abba..."

"Abba na yaƙa dominka, Ismaël. Mu'awiya na kora da bakina. Kai kuwa ko tambayata ba ka yi ba."

"Ina son ki!"

"Ni ma," ta ce. "Shi ya sa ba zan iya sake tsayawa jiranka ba."

Ta gyara mayafi, ta ɗauki ledar cefanenta, ta tsallaka titi.