Goyon Bayan Ciyaman

Duk jam'iyyar da ka ga shugaban matasanta yana rina gemu, to ka san akwai magana. Mutumin da zan ba ku labarinsa ya daɗe a kan wannan kujera, har yaran da ya fara raba wa hulunan jam'iyya sun soma kai nasu 'ya'yan makaranta. Ciyaman kowa yake kiransa, har matarsa in ta so tsokana.

Ofishin nasu wani shago ne a bakin titi. Akwai benci mai rawa, da fanka mai ƙara ba iska, da bokitin gam, da tulin hotunan 'yan takarar da suka ci zaɓe suka manta hanyar wurin. A nan matasa suke yini. Su ne liƙa hotuna, su ne jera kujeru, su ne ihu har murya ta dushe. In an ci zaɓe kuwa, manya su shige mota su ɗaga gilashi.

Gaskiya ɗaya ce, Ciyaman ba mugu ba ne da farko. Yana jin kunya in yaro ya zo ya ce mahaifiyarsa na kwance, shi kuma ba abin da zai ba shi sai "Allah ya sawwaƙe." Amma ba tausayi kaɗai ke cin sa ba. Yana son a ɗaga gilashin nan shi ma yana daga ciki.

A duniya yana da mutum guda da ba ya haɗa shi da kowa, ƙaninsa Auta. Uwarsu ta rasu Auta ko yaye ba a yi masa ba. Ciyaman, yana ɗan saurayi a lokacin, shi ya riƙa ɗaure shi a baya da majanyin marigayiyar, ya je ɗebo ruwa da shi, sa'o'insa na bin sa suna kiransa uwar goyo. Auta ya girma a hannunsa, ya zama mai gyaran waya, yana kwana a ɗakin ƙofar gida.

Direban wani babba a jam'iyyar ne ya nuna wa Ciyaman hanya. Ya ce, "Kai kana zaton maigidana da wayo kawai ya tashi? Zauna nan, za ka mutu kana shugaban matasa."

Da tsakar rana suka je wurin wani boka, bayan wata tsohuwar ma'ajiyar kaya. Waje rana na dukan ƙeya, amma ɗakin sanyi ne da shi kamar cikin randa. Babu taga. Akwai ƙwarya cike da baƙin ruwa, da madubi da aka juya wa fuska ga bango. An ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataye majanyai a kai kamar shanya, duk sun yi dauɗa, kowanne da ƙulli a tsakiya. Bokan ba tsoho ba ne mai jajayen idanu. Siririn mutum ne mai tsabta, yana zaune yana yanke farce.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji shi. "Abin da za ka bari nake son ji."

"Faɗi ko me ne ne, malam. In dabba ce, in kuɗi ne..."

"Kar ka kira ni malam. Kuɗi kuma da kana da su ai ba ka zo ba." Ya hure farcen daga cinyarsa. "Abin da kuke rabawa kullum a bainar jama'a nake so. Goyon bayanka."

Ciyaman ya yi dariya har da buga gwiwa. "Goyon baya? Ai mu 'yan siyasa ba mu da abin da ya fi shi arha. Da safe mu ba wannan, da yamma mu ba wancan."

"To, ka ga ciniki ya yi sauƙi. Amma ka ji da kunnenka: wanda ka goya namu ne. Ka bayar?"

Nan ne wurin da zai tsaya ya tambaya. Bai tsaya ba. Wanda yunwa ta kora ba ya tsayawa shinshina abinci.

"Na ba da goyon bayana," in ji shi.

Bokan ya sa shi ya tuɓe riga ya sunkuya kamar mace za ta ɗauki jariri. Ya tsaga masa tsakanin kafaɗu da aska, ya shafa baƙin ruwan nan, ya zaro majanyi daga igiya ya ɗaura masa a ƙirji ya ja ƙulli. Da Ciyaman ya miƙe sai ya ji wani abu ya kwanta a bayansa. Ba shi da nauyi, yana da ɗumi, kuma yana numfashi a gefen wuyansa.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Kwangilar da manya ke kokawa a kanta ta faɗo masa, wata ta biyo ta. Ya rushe gida ya sake gini. Kuma, a faɗi alheri ko na maƙiyi ne, bai manta da matasa ba. Ya raba babura da kekunan ɗinki, ya sa aka ba su kujeru a kwamitoci, ya tsaya a gaban manya ya ce ba za a ƙara tsayar da ɗan takara ba sai an ji ta bakin yaran nan. Aka fente ofis, aka kawo fanka mai iska.

Akwai wani yaro da ake kira Lasifika saboda muryarsa, shi ke ɗumama taro kafin manya su iso. Ciyaman ya ga ya cancanci kansila. Ranar wani gangami ya kama hannunsa ya ɗaga sama, ya ce, "Jama'a ku shaida, wannan yaro yana da cikakken goyon bayana!"

Ba a daɗe ba Lasifika ya ce bayansa na ciwo. Yana wanke babur ɗinsa ya durƙushe, bai ƙara tashi ba. A makon aka kira Ciyaman aka ba shi aikin da ya fi duk na baya. Abin da ke bayansa kuma ya ƙara nauyi.

Ya sani. Kada wani ya ce muku bai sani ba. Ya yi kuka a wurin jana'iza, kukan gaske, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Sannan ya zauna ya yi tunani irin na wanda Allah ya bar shi da dabararsa: tunda sai an bayar, to a riƙa zaɓa. Ya dubi Mai Gam, maraya mai liƙa hotuna wanda ba shi da kowa sai kakarsa, ya ɗaga hannunsa a kujerar sakatare. Tsohuwar ta zo har gida da sandarta tana sa masa albarka. "Ɗan nan, yadda ka riƙe marayan nan, Allah ya riƙe maka naka." Ciyaman ya kasa cewa amin. Da hannunsa ya kama makarar Mai Gam.

Matarsa ce ta fara gani. Wata safiya yana canza riga ta shigo da shayi, sai kofin ya suɓuce mata.

"Ciyaman, su wa ka goyo?"

"Wane irin su wa?"

"Ga ƙafafunsu nan suna jan ƙasa. Manyan mutane! Sauke su mana, sun yi maka yawa."

Ta fashe da dariya, dariyar ba ta tsaya ba har 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

Tun daga mutuwar Lasifika ya toshe wa Auta duk wata ƙofa ta jam'iyya. Bai taɓa yabonsa a taro ba, ko kafaɗarsa ya daina dafawa. Auta kuwa matasa na son sa, don a shagonsa suke koyon gyara kyauta. Da aka ce Ciyaman zai hau kujera ta gaba, sai suka ce Auta suke so ya gaje shi.

Auta ya same shi a falo. "Yaya, kowa ka ɗaga hannunsa. Ni me na yi maka?"

"Siyasa ba taka ba ce. Je ka ci gaba da kwance wayoyinka."

"Ko da baki ne, Yaya. Ka ce kana bayana, shi ke nan."

"Ba na bayanka! Fita ka ba ni wuri!"

Auta ya fita idonsa ya kawo ruwa. Ciyaman ya ji kamar ya bi shi ya rungume, amma ya ce a ransa gara yaron ya ƙi shi yana raye.

Ranar zaɓen zauren taro ya cika. Abokin karawar Auta wani ne Dogo, matarsa na da tsohon ciki. Ciyaman ya san haka. Ya hau mumbari a ɗan sunkuye, don yanzu ba ya iya miƙewa sosai, ya kama hannun Dogo ya ɗaga, ya faɗi kalmar. Dogo na ta washe baki.

Sai aka miƙa wa Auta abin magana. Bai yi fushi ba, murmushi ma yake yi.

"Jama'a, kar wanda ya ga laifin Yayana. Gudun a ce ya yi son kai yake yi. Ni ba sai ya faɗa a taro ba. Mutumin nan da majanyin uwarmu ya ɗaure ni ina jariri, ana yi masa dariya bai sauke ni ba. Kowa a nan goyon baki ya samu. Ni ne goyon bayansa na gaskiya."

Zaure ya ɗauki tafi, wasu na share hawaye. Ciyaman bai ji tafin ba. Abin da ya ji shi ne numfashin nan na gefen wuyansa ya koma 'yar dariya.

Auta ya ci zaɓe. Suna saukowa daga matakala ya dafa bango. "Yaya, bayana. Ƙafafuna sun ƙi." Mota na can ƙarshen layi saboda cunkoso. Ciyaman bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya tuna. Ya sunkuya, ya saɓa ƙaninsa a baya, ya kama gudu yana ture mutane.

Auta ya kwantar da kai a kafaɗarsa, ya ce a hankali, "Ka gani? Na faɗa musu."

Kafin su kai mota hannuwan da ke wuyansa suka saki.

Ana gama binnewa ya nufi bayan ma'ajiyar. Bokan na nan yadda ya bar shi.

"Na hana shi! Kowa shaida ne, ban taɓa ba shi goyon baya ba!"

"Ba shi?" in ji bokan. "Wa ya ce ka ba shi? Shi ka bayar, tun ranar da ka sunkuya a nan. Na ce goyon bayanka. Duk duniya wa ka taɓa goyawa? Jira kawai muka yi ya nuna."

Ciyaman ya zube ƙasa. "To sauran fa? Lasifika? Marayan nan?"

"Ba mu tambaye ka su ba. Kai ka riƙa miƙowa, mu kuma ba ma mayar da hannun kyauta baya. Na jiya ma mun gode."

A makon aka binne Dogo, bai ga ɗansa ba.

Dukiyar ta bi hanyar da ta zo. Jam'iyya ta canza ofis, matasa suka watse, har yau a wannan yanki in babba ya kai hannu zai ɗaga na yaro, sai yaron ya sa nasa a aljihu. Ciyaman yana nan a bakin tsohon shagon, ya ranƙwafa har haɓarsa na neman gwiwa, da tsumma ɗaure a ƙirji, yana jijjiga a hankali. In mai tausayi ya ce masa, "Baba, kwance ƙullin nan ka huta mana," sai ya ɗora yatsa a leɓe.

"Yi a hankali. Auta ya samu barci."

To, ku masu riƙe da 'ya'yan mutane a jam'iyya, ku ji da kyau. Yaron da ya ba ka ƙafarsa da muryarsa amana ce a wuyanka, ba guzurin hawa kujera ba. Wanda kwaɗayi ya kai shi ɗakin da ba taga, ya sani ba a yi masa ragi a can, kuma abin da ya fi so shi ake fara ƙullewa. Goyo kuwa a duniya ake ɗaukarsa, amma ba a nan ake sauke shi ba.