Baƙin Mai a Hannun Lastri

"An kawo ƙorafi a kanki, Mbak Lastri."

Lastri ta daskare a gaban teburin shugabar cibiyar koyon sana'a, hannunta duk baƙin mai.

"A kaina? Me na yi, Bu?"

"Wai malaminku yana fifita ki. Wai ba don inji kike tsayawa bayan an tashi aji ba."

Ji ta yi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa...

Wata takwas ke nan da teku ya haɗiye mijinta Slamet da kwale-kwalensa a gaɓar garin Tegal na ƙasar Indonesiya. Shekara tara tana gida, ba ta san komai ba sai girki da rainon 'yarta Ayu. Tana fita takaba ta ji gwamnati ta buɗe horo kyauta ga matan da suka rasa mai ciyar da su. Mata suka cika ajin ɗinki, ita ta zaɓi gyaran babur. Teloli sun yi yawa a unguwarsu, babura kuwa kullum cikin lalacewa suke.

A nan ta haɗu da Darmawan, malami mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa yi mata dariya ba ko ranar da ta ɗaura birki a juye.

"Shi da kansa ya janye daga jarrabawarki ta jibi," in ji shugabar. "Za a turo wani daga birnin Semarang."

Ko sallama Lastri ba ta yi ba ta fice. A ɗakin gyara ta same shi yana jera sifana.

"Pak Darma! Janyewar nan da ka yi ai ka gaskata su ke nan!"

Bai ɗago ba.

"Me ya sa ba ka ce musu ƙarya ba ne?"

"Fifikon ƙarya ne. Ko maki ɗaya ban taɓa ƙara miki ba."

"To, fa?"

"Sauran ne ba zan iya rantsewa a kai ba, Dik Lastri..."

Dik, wato ƙanwata! Tun rasuwar Slamet babu namijin da ya kira ta da wannan laushin.

"Kar ka sake," ta ce, muryarta na karyewa. "Don Allah kar ka sake."

Ta fita da gudu.

A gida ta tarar da surukarta, Bu Karsih, zaune a ƙofa, ga nonon ayaba cikin leda a gefenta. Lastri ta gane ledar. Ta Yuyun ce, abokiyar bencinta a aji; ashe ta riga ta zuwa da labarin. Babban gareji na gari mace ɗaya zai ɗauka, wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawa, kuma su biyun ne ke kan gaba.

"Ɗana ko kabari bai samu ba," tsohuwar ta ce, "ke har kin samu wanda zai goge miki hannu!"

"Ibu, uwata, wallahi..."

"Ki zaɓa. Ko cibiyar nan, ko gidan nan."

"In na bari, me za mu ci? Me Ayu za ta ci?"

Tsohuwar ta juya mata baya.

Kwana biyun nan Lastri ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida sau uku. Ta ɗora shinkafa ta bar ta ta kama. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. Haushin Darmawan take ji ko kewarsa? Ita kanta ba ta sani ba.

Ranar jarrabawa ta sumbaci hannun surukarta. Ba a amsa mata ba, amma ba a janye hannun ba.

Baƙon malamin ya ba ta babur da ya ƙi tashi. Ta kasa kunne, ta kwance, ta wanke, ta mayar. Bugu ɗaya ya kama!

Ita ta zo ta ɗaya.

A bakin famfo ta ga Yuyun tana share hawaye.

"Ke kika kai ƙorafin?"

"'Ya'ya uku gare ni, Lastri. Ubansu ya tafi Malesiya, shekara biyu ko waya."

Lastri ta zo da maganganu cike da baki, duk suka narke. Ta miƙa mata sabulu kawai.

Bayan sati uku, da la'asar, ta dawo daga gareji ta ga takalmin namiji a ƙofa. Darmawan ne durƙushe gaban Bu Karsih, ya sha rigar batik mai zane ta fita kunya, gumi na tsiyaya daga goshinsa.

"Iyayenta suna can garin Brebes," tsohuwar ke cewa. "Me ya kawo ka wurina?"

"Su zan je gobe. Ke na fi tsoro, Bu."

"Ka ɗauke ta, ka ɗauke jikata, ni in zauna da hoton bango?"

Sai a lokacin Lastri ta gane abin da ke cin tsohuwar. Ta faɗa kan gwiwoyinta.

"Ibu! Wa ya ce zan tafi in bar ki?"

"Ni maraya ne, Bu," Darmawan ya ce. "Ɗaki ɗaya nake haya. In kin yarda, nan zan tare. Rufin kicin ɗinki ma na ga yana yoyo."

Bu Karsih ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja gefen mayafi ta goge ido.

"Slamet ya sha cewa zai gyara shi..."

Sai ta juyo wurin Lastri.

"Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane! Baƙo ya zo, ba shayi?"

A ƙofar kicin ya tare ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ki ba ni amsa ba, masoyiyata."

"Ka tambayi kowa ban da ni, Mas."

"To, ga ni ina tambaya."

Ta sunkuyar da kai, murmushi ya ƙwace mata.

"Sukari nawa kake sha?"

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren. Bu Karsih ce ta yi wa amarya kwalliya da hannunta, tana yi tana kuka, tana faɗan wannan baƙin man da ya ƙi fita daga farce.